Yadda Ake Auna Abin da Mace Ta Gani a Ɗakin Haihuwa

Rajistar ɗakin haihuwa tana da gurabe da yawa. Akwai na lokacin da mace ta iso, da na buɗewar bakin mahaifa, da na awon jini, da na nauyin jariri, da na ko an yi tiyata, da na ko uwa da ɗa sun fita da rai. Babu gurbin da ake rubuta ko ungozoma ta faɗa mata sunanta, ko an nemi izininta kafin a yi mata ƙari, ko an ja labule lokacin da ake duba ta. Ita kuwa mai haihuwar, waɗannan ne take tafiya gida da su, kuma ba sa gogewa. A 1991 wata mai koyar da masu ciki a Amurka, Penny Simkin, ta koma wa mata 20 da suka yi haihuwar fari shekara 15 zuwa 20 kafin nan. Ta tarar suna tune da ranar dalla-dalla, musamman abin da likita da ma'aikatan jinya suka ce musu da yadda suka ce shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da wannan. A 2014 ta fitar da sanarwa kan wulaƙanci da cin zarafin da mata ke fuskanta a wurin haihuwa. A 2016 ta kafa ƙa'idojin ingancin kulawa, ta ajiye yadda mace ta ji kulawar kafaɗa da kafaɗa da aikin likitanci kansa. A 2018 kuma ta fitar da shawarwari 56 kan kula da mai naƙuda, manufarsu ita ce mace ta fita da lafiya kuma ta fita da kyakkyawan tunani game da haihuwarta. Abin da ya rage shi ne yadda asibiti, ko ƙungiya, ko ɗaliba mai bincike za su san ko hakan na faruwa. Ga yadda ake yi.

Mataki na farko: ku tsayar da abin da kuke son sani

Yawancin aikin da ya lalace, a nan ya lalace. Mutane sukan zauna su rubuta tambaya guda: “Kin gamsu da kulawar da aka yi miki?” Mata tara cikin goma su ce eh, a buga a rahoto, a rufe fayil. Wannan tambayar ba ta auna kulawa. Tana auna tazarar da ke tsakanin abin da mace ta sa rai da abin da ta samu. Wadda ta shigo tana tsammanin tsawa da zagi, idan aka yi mata tsawa kawai ba a zage ta ba, za ta ce ta gamsu, kuma gaskiyarta ta faɗa.

Don haka ku raba abubuwa tun da wuri. Akwai abin da ya faru a zahiri: an yi mata bayani, an bar wani nata ya zauna da ita, an amsa kiranta. Akwai yadda ta ji a ranta: ta ji tana da iko da jikinta, ta ji tana hannun da ba za a bari ta cutu ba. Akwai cin zarafi, wanda Meghan Bohren da abokan aikinta suka kasa gida bakwai a 2015 bayan sun tattara bincike 65 daga ƙasashe 34, tun daga duka da zagi har zuwa wariya da sakaci da gazawar asibitin kansa. Akwai kuma tsoron haihuwa da raunin zuciya da ke biyo bayanta. Kowanne da ma'auninsa. Wanda ya ce zai kama su duka a takarda ɗaya, zai gajiyar da mai jego kuma ya tashi da abin da ba zai iya aiki da shi ba.

Idan manufarku gyara ɗakin haihuwa ce, ku karkata ga abin da ya faru a zahiri, domin shi ne ma'aikata za su iya canzawa gobe da safe. Kuma kada ku ɗauka zafin naƙuda ne kan gaba. Ellen Hodnett ta bi diddigin bincike masu yawa a 2002, ta gano abubuwa huɗu ne suka fi rinjayar yadda mace ke kallon haihuwarta: abin da ta sa rai, yawan goyon bayan da ta samu, kyawun mu'amala tsakaninta da mai kula da ita, da kuma sa ta cikin yanke shawara. Waɗannan sun rinjayi zafin kansa da maganin rage shi.

Mataki na biyu: ku ɗauki ma'aunin da aka riga aka gwada

Kada ku ƙirƙiro tambayoyi daga ka in akwai waɗanda aka riga aka tace. Wani nazari na 2017 ya ƙirga ma'aunai 36 da aka tantance don wannan aiki. Ga kaɗan daga ma'aunan da za ku riƙa cin karo da su.

CEQ, wanda Anna Dencker da abokanta suka tsara a Suwidin a 2010, tambayoyi 22 ne a fanni huɗu: ƙarfin da mace ta ji tana da shi, taimakon ma'aikata, jin aminci, da sa hannu a abin da ake yi mata. Da masu haihuwar fari aka fara gwada shi. PCMC na Patience Afulani an gina shi a Kenya a 2017, tambayoyi 30 kan mutunci, da bayani da zaɓi, da tallafi. Akwai na Indiya mai tambayoyi 27, da gajere mai 13. Ni dai PCMC na fi so ga asibitin da cunkoso ya yi wa yawa, saboda tambayoyinsa kan abin da aka yi ko ba a yi ba suke, kuma ana iya karanta wa mace da baki. BSS-R tambayoyi 10 ne kacal, ya dace da mai son duba gamsuwa a taƙaice. W-DEQ mai tambayoyi 33 tsoron haihuwa yake aunawa, yana da na kafin haihuwa da na bayanta. Ku tuntuɓi masu ma'aunin kafin ku fara. Wasu sai da izini, kuma sau da yawa suna da fassarar da wani ya riga ya yi.

Duk wanda kuka ɗauka, ku ƙara tambaya ɗaya ko biyu a ƙarshe da mace za ta amsa da bakinta: “Me kike so a ce an yi daban?” Amsar wannan ita ce za ta bayyana muku ma'anar lambobin.

Mataki na uku: fassara, sannan gwaji a bakin mata

A nan ya kamata a ɓata lokaci. Hanyar da aka saba: mutum biyu su fassara kowa shi kaɗai, a haɗa a fitar da guda, wani na uku da bai taɓa ganin asalin ba ya mayar da ita harshen farko, sannan a zauna da ungozoma da likita da mata masu haihuwa a daidaita inda aka samu saɓani. Wannan yana kama kuskuren kalma. Ba ya kama kuskuren fahimta.

Kuskuren fahimta sai an zauna da masu jego ɗaya bayan ɗaya, kamar goma zuwa goma sha biyar, masu karatu da marasa karatu, yara da manya. A karanta tambaya, ta amsa, sai a ce mata: “Da na yi miki wannan tambayar, me kika fahimta? Me ya zo miki a rai da kika ce eh?”

Na taɓa zama da wata mai jego a irin wannan gwajin, jaririnta na barci a cinyarta. Na tambaye ta ko an wulaƙanta ta a lokacin haihuwa. Ta ce ko kaɗan, ma'aikatan sun yi ƙoƙari. Can gaba muna hira kan yadda kan yaron ya fito, sai ta ce, “Ai da nas ɗin ba ta mare ni a cinya ba, da ban yi nishi ba.” Na ce, “'Yar'uwa, an mare ki ke nan?” Ta ce, “Eh, sau biyu, amma don a taimake ni ne.” Ba ƙarya ta yi mini da farko ba. A wurinta wannan ba ya cikin abin da ake kira wulaƙanci. Tun daga ranar na daina amincewa da duk tambayar da ke ɗauke da kalma mai faɗi irin wulaƙanci, ko cin zarafi, ko mutunci, in ba a biyo ta da tambayar aiki ba. A tambaya kai tsaye: An mare ki ko an tsunkule ki? An yi miki tsawa? An danna miki ciki da ƙarfi? An yi miki ɗinki ba tare da allurar kashe zafi ba? Kafin a sa hannu a duba ki, an gaya miki kuma an jira kin ce to? Mace tana iya ganin abu daidai ne, amma za ta faɗa miki ya faru, kuma faruwarsa kuke ƙirgawa.

Ku lura da zaɓin amsa ma. “Na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba” yana da sauƙi a takarda, yana da wuya a kunne. Tsarin PCMC ya fi shiga: a'a, ba a taɓa ba; eh, wani lokaci; eh, yawanci; eh, kowane lokaci. A fara tambayar eh ko a'a, in ta ce eh sai a tambayi yawansa. Tambaya mai korewa biyu, irin “Ba ki ji ba a kula da ke ba?”, a warware ta, domin ko mai tambayar ba ta san me eh ke nufi a nan ba. Tambayar da ta haɗa abu biyu, kamar likita da ungozoma a jimla guda, a raba ta.

Mataki na huɗu: yaushe, kuma a ina

Babu abin da ke juya sakamako kamar wannan. A wani bincike da aka yi a asibitoci takwas a arewa maso gabashin Tanzaniya, da aka tambayi mata a lokacin sallama kusan kashi 20 cikin ɗari suka ce an yi musu wani nau'in wulaƙanci. Da aka bi wasu daga cikinsu gida bayan mako 5 zuwa 10, adadin ya kai kashi 28. Asibitocin ba su canza ba, haihuwar ma ita ce dai. Wuri da lokaci ne suka canza.

Dalilin a fili yake. Macen da ta haihu jiya tana cike da murnar ta tsira, ta gaji, nono bai gama zuwa ba, kuma ungozomar da za ta yi magana a kanta tana bayan ƙofa. Gobe ma nan za ta dawo da jaririn. Godiya da tsoro sukan haɗu su rufe baki. Bayan makonni, in jiki ya dawo kuma ta ba wa wasu labarin, abubuwa sukan fito da siffarsu.

Tambayar bakin ƙofa, wato ta lokacin sallama, tana da amfaninta: ba ta da tsada, kowa na nan, kuma ƙananan abubuwa ba su shige ba. In ita kaɗai za ku iya, ku yi ta a ɗaki mai ƙofa nesa da ɗakin haihuwa, kuma ku rubuta a rahoto cewa adadin da kuka samu shi ne mafi ƙanƙanta, ainihin ya fi haka. In da hali, ku tambaya tsakanin mako huɗu zuwa takwas, a gida ko wani wurin da ba na asibitin ba. Waya tana rage wahala, amma tana zubar da matan da ba su da tasu, kuma ba za ku san wa ke tsaye kusa da ita ba. Ku fara da, “Yanzu za ki iya magana ke kaɗai, ko in sake kira?” Abu mafi muhimmanci: lokacin da kuka zaɓa, ku riƙe shi. Kada a kwatanta sakamakon bakin ƙofa na bana da na gida na bara a ce an samu ci gaba.

Mataki na biyar: wa zai yi tambayar

Mace ce ta fi dacewa, wadda ba ma'aikaciyar wurin ba ce, ba ta sanye da kayan asibiti, kuma tana jin harshen mai jego ba tare da tafinta ba. A horar da ita ta karanta tambaya yadda take a rubuce, ba ƙari ba ragi, kada ta zaro ido in ta ji abu mai muni, kada kuma ta kare ma'aikata. Ta iya shiru. Sau da yawa bayan shirun ne maganar ke fitowa.

Kafin tambaya ta farko a nemi izini da kalmomi masu sauƙi: ba za a rubuta sunanki a takardar amsa ba, ƙin amsawa ba zai taɓa kulawar da ake yi miki ko jaririnki ba, kina iya tsallake tambaya ko ki tsaya a kowane lokaci. In bincike ne na wallafawa, sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince tukuna. Miji ko uwa ko ƙawa su ba da wuri, cikin ladabi.

Ku shirya wa kuka. Bincike ya nuna kimanin mata 3 zuwa 4 cikin ɗari sukan kamu da ciwon firgici mai ɗorewa bayan haihuwa, kuma tambayoyinku na iya tayar da shi. Mai tambaya ta san inda za ta tura mace mai buƙatar taimako, da sunan mutum da lambar waya a hannunta, kuma a yanke tun farko abin da za a yi in mace ta ambaci son cutar da kanta. Wanda ba shi da wurin turawa bai shirya buɗe wannan ƙofar ba.

Mataki na shida: su wa za a tambaya, kuma nawa

Hanya mafi tsabta ita ce a ɗauki duk wadda ta haihu a wani tsayayyen lokaci, ko kowace ta uku a rajista, dare da rana, har da ƙarshen mako. Kada ma'aikata su zaɓo muku. Kada a bar waɗanda aka yi wa tiyata, da 'yan mata masu ƙananan shekaru, da waɗanda aka turo daga wani asibiti, da masu naƙasa. Matan da jaririnsu bai zo da rai ba su ne aka fi cirewa, wai don tausayi, alhali su ne suka fi sanin yadda wurin yake a ranar da abu ya ɓaci. A ba su zaɓi, a jinkirta lokaci, a tura wadda ta fi kowa natsuwa.

Game da adadi: mata kusan 100 za su ba ku kaso mai iya kaucewa da maki 10 sama ko ƙasa, kusan 385 za su rage kaucewar zuwa maki 5. Ku rubuta nawa kuka nema, nawa suka amsa, da abin da ya bambanta waɗanda ba a samu ba.

In kuna da ƙarfi, ku haɗa da kallo. A binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a Gana da Gini da Miyanma da Najeriya, wanda ya fito a 2019, an zauna an kalli naƙudar mata 2,016, an kuma bi mata 2,672 da tambayoyi bayan sun koma gida. Masu kallo sun ga duka ko zagi ko wariya a kusan kashi 42 cikin ɗari, matan da aka tambaya kuma kashi 35 suka faɗa. Kallon ya nuna abin da tambaya ba za ta nuna ba: abin ya fi tsanani daga minti 30 kafin jariri ya fito zuwa minti 15 bayan fitowarsa. Tambayoyin kuma sun nuna ƙananan mata marasa karatu ya fi faɗa wa. Wannan ya gaya wa mai gyara daidai lokacin da zai sa ido.

Mataki na bakwai: lissafi

Ku bi umarnin masu ma'aunin. A PCMC kowace amsa maki 0 zuwa 3 ce, jimla 90. Tambayoyin da eh ɗinsu abu mara kyau ne, kamar tsawa, ana juya makinsu kafin a haɗa. Manta wannan ya ɓata rahotanni da yawa. Ku duba ko tambayoyin kowane fanni suna tafiya tare a harshenku. Ana duba wannan da wani lissafi da ake kira alfa na Kuronbak, in ya kai 0.7 ana ɗaukarsa ya wadatar.

Amma kada jimla ta ruɗe ku. Matsakaicin maki mai kyau yana iya ɓoye cewa mace ɗaya cikin biyar an ɗinke ta ba allura. Ku fitar da kowace tambaya ita kaɗai da kasonta, sannan ku rarraba: dare da rana, haihuwar fari da ta baya, tiyata da haihuwa da kai, mai karatu da marar karatu. Inda rukuni ya yi ƙanƙanta har za a iya gane mace, a haɗe shi da wani.

Mataki na takwas: ku mayar da shi ɗakin haihuwa

Sakamakon da ya tsaya a ofis cin amanar matan da suka ba da labarinsu ne. A kai shi wurin ungozomomi da farko, kafin shugabanni, ba da sunan kowa ba. A karanta musu kalaman yabo tare da na kuka, domin duka biyun suna cikin takardun. A kuma saurare su. Ungozoma ɗaya da ke kan mata shida cikin dare, ba labule, ba allurar kashe zafi a kabad, tana da nata labarin, kuma rabe-raben Bohren na 2015 ɗin nan da kansu sun sa gazawar asibiti cikin abin da ke jawo cin zarafi. Wannan ba ya halatta mari, amma yana nuna inda za a kama gyara. Idan aka mayar da ma'aunin sandar horo, ma'aikata za su koyi roƙon mata su ba da amsa mai daɗi, shi ke nan lambobin sun mutu.

Ku zaɓi abu ɗaya ko biyu kawai. Misali, kowace ma'aikaciya ta faɗi sunanta ta kuma nemi izini kafin ta sa hannu. Ko a bar mace ta shigo da wadda ta zaɓa ta zauna da ita. Na biyun yana da hujja mai ƙarfi: nazarin 2017 na Kokiren, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, da ya haɗa gwaje-gwaje 26 da mata sama da 15,000, ya nuna matan da ke da mai tsaya musu har ƙarshen naƙuda sun fi haihuwa da kansu, tiyata ta ragu a cikinsu, kuma ba su cika fita da mummunan tunani game da haihuwar ba. Bayan wata uku ko shida a sake aunawa da tambayoyin nan dai, a irin lokacin, a irin wurin.

Kada ku firgita in maki ya sauka a zagaye na biyu. Da zarar an liƙa haƙƙoƙin mai haihuwa a bango an kuma fara faɗa wa mata a wurin awo cewa sai da izininsu za a taɓa su, abin da suke haɗiyewa jiya za su fara kiran sunansa. Ku duba tambayoyin aiki ɗaya bayan ɗaya don ku rarrabe tsakanin kulawar da ta lalace da bakin da ya buɗe. Sannan ku rubuta abin da kuka samu da abin da kuka canza a takarda guda mai manyan haruffa, ku kafa ta a inda masu awo ke zama, a kuma karanta ta da baki ga waɗanda ba sa karatu.